Muhawara: Yaran shago da iyayen gidansu, wa zai yi bincike a kansu?

'Yar Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, mun zo wajen zaɓen taken kundi. Abin da ke raina shi ne in binciki dalilin da ke sa yaran shago barin iyayen gidansu tun kafin a sallame su da jari, a babbar kasuwar Katsina da 'Yar Kutungu. A gidan 'yan kasuwa na tashi, hirar da nake ji ke nan kullum: wane ya gudu, wane an kore shi, wane an buɗe mashi shago. Malamin da ke duba aikina bai hana ni kai tsaye ba, amma ya ce ba zan samu rubuce-rubucen da zan cika babi na biyu ba, kuma babu gwadaddiyar takardar tambayoyi a kan wannan. Ya ce in ɗauki tasirin ƙarfafa gwiwa a kan ƙwazon ma'aikatan banki. Na shiga laburare na iske kundaye masu wannan take jere a kanta, sunan bankin kawai ke canzawa. In bi shawararsa in gama lafiya, ko in dage?

Jami'in Ma'aikata:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu ne ake kawo wa takardun tambayoyin nan, don ni ke kula da sha'anin ma'aikata a wani kamfani a nan cikin gari. Ɗalibi zai zo da ɗaurin takardu ya aje wajen sakatare, ya ce zai dawo mako mai zuwa. Ma'aikaci zai ɗauka yana cin abincin rana, ya bi layi ɗaya yana sa alama tun daga sama har ƙasa bai karanta ba. Wanda ya karanta kuma, da ya ga an tambaye shi ko ya gamsu da shugabansa, sai ya ce ya gamsu, don bai san hannun da takardar za ta bi ba kafin ta fita daga ofis. Wannan ake zubawa a SPSS, manhajar ƙididdiga ta kwamfuta, a fito da sakamakon cewa ƙarfafa gwiwa na da tasiri. Kuma tun da nake aikin nan ban taɓa ganin ɗalibin da ya dawo ya ce ga abin da na gano, ku gyara kaza ba. Ki dage.

Malamin Gudanarwa:
Kafin a yi wa abokin aikina rubdugu, a fahimci inda ya dosa. Yana tunanin ranar kare kundi, da malamin da za a gayyato daga wata jami'a ya tambaye ki ma'aunin da kika yi amfani da shi. Yana tunanin lokaci, don hira da mutane da rubuta ta da tsefe ta na cin watanni, takardar tambayoyi kuwa makonni ne. Mu kanmu malamai yawan maƙalun da muka buga a mujallu ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Tausayinki ya ji.

Amma ina tare da ke a kan asalin maganar. Ka'idojin da muke ta maimaitawa kowace tana da garinsu. Herzberg, wanda kusan duk kundin ƙarfafa gwiwa ke jingina da shi, injiniyoyi da akantoci kimanin 200 ya yi hira da su a yankin Pittsburgh na Amurka, ya fitar da aikinsa a 1959. Hofstede, mai kwatanta al'adun ƙasashe a wurin aiki, ma'aikatan kamfanin IBM ya auna daga 1967 zuwa 1973, kuma a aikinsa Najeriya da Ghana da Saliyo ya haɗa ya ba su maki ɗaya a matsayin Afirka ta Yamma. Gwajin hasken fitila na masana'antar Hawthorne kusa da Chicago, wanda aka fara a 1924 don ganin ko haske na shafar ƙwazon ma'aikata, kuma muke koyarwa a aji ɗaya, da masana tattalin arziki Levitt da List suka tono ainihin alƙaluman suka sake lissafi a 2011, sun iske tasirin bai kai yadda aka yi ta yayatawa ba. Ba wai a zubar da su nake cewa ba. Waɗannan mutane sun je wurin aiki sun kalli ma'aikata da idonsu. Mu mun ɗauko amsar da suka samu, mun bar zuwan.

Inda ban yarda da malaminki ba shi ne cewa babu rubuce-rubuce. Akwai, sai dai suna sashen tarihi da na nazarin al'umma. Batagarawar nan da muke wucewa a hanyar Dutsinma, wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna cikinta a 1967, ta fitar da littafi a 1972. Ta yi bayanin gandu dalla-dalla: ɗa na noma a gonar uba, uba na ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa aure, ya ba shi gayauna ya noma don kansa. Ki sa shago a madadin gona, ki ga ko ba tsarin da kike son bincika ba ne. Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da nasa a 1969, a kan yadda maigida ke tsaya wa fataken shanu da goro, ana ba mahauta shanu bashi bisa amanarsa, yana riƙe da dillalai da yara yana yi musu aure. Paul Lovejoy ya yi rubutu a 1980 kan fataucin goro zuwa Gwanja, da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da yadda madugu ke tafiyar da ayari. M. G. Smith ya yi a kan Daura, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi a kan Katsina. Babi na biyu zai cika har ya yi saura.

Mai Shagon Atamfa:
Ɗiyata, ni ban yi boko mai nisa ba, yarona ya sa ni a zauren nan. Amma maganar shago ce, bari in sa baki. Yaro in an kawo mani shi, ba a kan kuɗi yake farawa ba. Shara yake yi, ya buɗe shago, ya ɗauko dila daga sito, ya sayo abinci. Ina kallon shi: in na aike shi yana dawo da canji cif? In mai saye ya ɓata mashi rai ya yake amsawa? Sannan ya fara jera turamen atamfa, ya koyi bambanta mai kyau da kwaikwayo da taɓawa kawai, ya koyi auna yadi ba ya cutar mai saye ba ya cutata. Sai na natsu da shi nake ba shi makullin durowa. Ƙarshen gwaji shi ne in tura shi Kwari a Kano da kuɗin sari shi kaɗai. Duk tsawon wannan lokaci cinsa da ɗinkin sallarsa da asibitinsa ni ne. In ya isa aure ni ke tsayawa. In lokaci ya yi in kama mashi shago, in zuba mashi kaya, rabi kyauta rabi bashi. Akwai waɗanda na sallama yau sun fi ni jari, alhamdu lillahi. Ba mu taɓa rubuta komai da kowa ba. Matsalar yaran yanzu gaggawa. Ga kuma wanga tiransifa da ta zo, yaro ya ba mai saye lambar asusunsa kana zaune ba ka sani ba.

Badauri:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri a kan waɗanda ka sallama. Amma a ji ta bakinmu mu ma. Na yi shekaru a shagon kayan masarufi a Daura, tun ina saurayi har abokaina suka yi aure suka haihu. Ba a taɓa ce mini ga ranar da za a sallame ni ba. In na tura babba ya yi magana sai a ce a yi haƙuri, kasuwa ba ta da kyau bana. Kullum da yamma za a aiko yaro daga gida a ɗauki sukari da madara da taliya da sabulu, ba mai rubutawa. Ɗan maigida ya zo ya buɗe durowa ya ɗauki kuɗin mai, ba mai rubutawa. Ranar da aka yi ƙidayar kaya aka ga giɓi, ni aka kalla. Na fita da kayan jikina da sunan ɓarawo, sunan da ya hana wani ya ɗauke ni. Wallahi ban ci ko sisi ba, kuma ba ni da abin da zan nuna, don littafin da zai wanke ni babu shi.

Mai Shagon Atamfa:
Subhanallah. In haka aka yi an zalunce ka, kuma akwai hisabi. Na san ana yi. Amma ka sani, ɗana, na kuma san maigidan da yaro ya tsiyata shi ƙarƙaf, ya koma zaman benci a ƙofar shagon wasu.

Malamin Gudanarwa:
'Yar Ƙofar Marusa, ki adana saƙonnin nan biyu. Binciken naki ke nan. Alhaji ya ce gaggawa da rashin amana, Badauri ya ce rashin wa'adi da rashin littafi, kuma kowanne gaskiyar abin da ya gani ya faɗa. Wanne ya fi yawa? A wane irin shago?

Maganar littafi ta tuna mini da wani aiki da Nicholas Bloom da David McKenzie da abokansu suka buga a 2013. Sun je masaƙu a kusa da Mumbai ta Indiya, suka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka tura musu ƙwararru kyauta suka koya musu abubuwa masu sauƙi: rubuta duk aibin da aka samu a yadi, sanin adadin zaren da ke sito, duba injin kafin ya lalace. A shekarar farko abin da suke samarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayaninsu kan abin da ke hana masaƙun girma. Masu su ba sa miƙa ragama sai ga ɗan uwa na jini, saboda haka yawan rassan mutum na bin yawan 'yan'uwansa maza da 'ya'yansa. In babu rubutu ba ka da hanyar gane an cuce ka ko ba a cuce ka ba, dole ka tsaya ga wanda ka haifa. Da suka koma bayan shekara kusan tara sun iske an watsar da kusan rabin abin da aka koya, sau da yawa saboda manajan da ya koya ya bar aiki. Ko a can ɗin ba a gama da matsalar ba.

Ɗan Ƙididdiga:
Ni fa ina jin tsoron kada a mayar da lissafi abin ƙi. Labarin Baba Alhaji da na Badauri sun taɓa zuciya, amma labari biyu ba hujja ba ne. Laifin kundayen banki na mummunan tattara bayani ne, ba na alƙaluma ba. A Najeriyar nan aka yi gasar YouWiN ta tsarin kasuwanci a 2011, mutum kusan 24,000 suka nema, aka ba waɗanda suka ci tallafin da ya kai kimanin dala 50,000 kowanne. Da yake an zaɓi wani kaso nasu da ƙuri'a, McKenzie ya iya kwatanta su da takwarorinsu da ba su samu ba, ya nuna bayan shekara uku sun fi su ci gaba da kasuwanci, sun kuma fi su kaiwa ga ma'aikata goma. A Lome ta Togo an gwada horo iri biyu a kan ƙananan 'yan kasuwa 1,500: wanda ke koyar da zafin nama da neman mafita da kai ya ƙara riba da kashi 30 cikin ɗari, na gargajiya mai koyar da lissafi da talla kashi 11. Da hira kawai aka yi ba za a taɓa sanin haka ba.

Malamin Gudanarwa:
Ban musa ba. Amma kafin ka auna abu sai ka san mene ne. Ta fara da hira mai zurfi, daga abin da ta ji ta gina tata takardar tambayoyin da Hausa, ta gwada ta, sannan ta zagaya shaguna ana karanta wa mutane ana cikewa a gabansu. Malaminta ya samu alƙalumansa, ita ta samu gaskiyarta.

Tsohon Akawu:
Ku yi ta yi dai. Mu da muka yi aikin gwamnati mun ga rahoton Udoji na 1974. Shawarwari ne cike a kan yadda za a riƙa auna aikin ma'aikaci da abin da ya cim ma. Ku tambayi duk wanda ya ga zamanin, ƙarin albashi da ariyas kaɗai zai tuna, da rediyo da babur da aka saya. Abin da ke damuna shi ne yarinyar nan ta sha wahala ta gama, kundin ya hau kanta kusa da na bankin.

'Yar Ƙofar Marusa:
Baba, wannan tsoron ni ma ina da shi. Niyyata in na gama in taƙaita shi da Hausa a shafi biyu ko uku in kai wa shugabannin 'yan kasuwa, in kuma nemi fili a gidan rediyo.

Jami'in Ma'aikata:
Ƙanwata, ki sa ɓangaren doka, don a nan za ki ga girman ramin. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. In za a raba gari, wanda ya yi wata uku zuwa shekara biyu notis ɗin mako ɗaya ne, shekara biyu zuwa biyar mako biyu, biyar zuwa sama wata ɗaya. Har yarjejeniyar koyon sana'a ta tanadi a rubuta, jami'in ƙwadago ya sa hannu. Amma dokar ba ta ƙirga iyalan mai aiki cikin ma'aikata ba, kuma yaran shago da yawa ɗan wa ne ko ɗan ƙanwa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shago nawa ne a babbar kasuwa ke da yara 25? Ƙididdigar SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun haura miliyan 39, mafi yawansu 'yan ƙanana ne ƙwarai. Can mutanenmu suke aiki, mu kuma da muka karanta kula da ma'aikata muna ta nazarin 'yan tsirarun da ke da katin shaida a wuya.

Almajirin Zaure:
A gafarce ni in ƙara da abin da muka karanta a zaure. Baba Alhaji ya ce ba su rubuta komai, kuma na san da kyakkyawar niyya ne, ana ganin neman takarda kamar zargi. Amma a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin ilimi a ƙasar nan ya bi ta kanta, an ce ijara, wato ɗaukar haya ko ƙwadago, tana halatta idan an yanka mata wa'adi an kuma ambaci lada. Ƙiradi ma, inda ɗaya ke kawo jari ɗaya ke juyawa, sai an faɗi kason riba tun farko. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Yaron da ke aiki bai san wa'adinsa ba bai san ladansa ba, malamai su duba mana matsayin wannan. In mai bincike ta je wa 'yan kasuwa da dokar ƙwadago za su ce ta gwamnati ce. In ta je musu da wannan za su saurara.

Mai Shagon Atamfa:
Malam ka ɗaure ni. Sai dai ka sani, ranar da na ce ma yaro shekara kaza zan sallame ka, in gobara ta tashi ko kaya suka faɗi fa? Alkawarin da ba ni da tabbacin cikawa nake gudu. Kuma wani yaron shekara huɗu ya ƙware, wani goma bai iya riƙe durowa ba.

Badauri:
To Baba a faɗi hakan ma tun farko, gaban shaidu. A ce in ka kai mataki kaza ga abin da za a yi maka, in masifa ta faɗo ga yadda za a yi. Duhun da ake barin mutum ciki ne ke sa wasu su fara ɗiban na kansu.

Shugaban Zaure:
Na goge saƙon wanda ya sa tallar rubuta wa ɗalibai kundi a biya shi. Ba a wannan zaure ba. A ci gaba.

Hajiya Mai Ɗinki:
Duk maganarku ta maza ce. Ni a cikin gida nake da kekuna, 'yan mata na koyo a hannuna, wasu ina biyansu a kan kowace riga. Da yarinya ta iya yanka sai aure ya zo, ta tafi da hannunta, in koma farko da wata. Ban ƙi ba, abin so ne, amma ba wanda ya taɓa zama da mu ya ji yadda muke riƙe sana'a a haka. Masu ƙuli-ƙuli da masu taliyar murji da masu turaren wuta duk haka suke. Ke mace ce, ɗiyata, za ki shiga inda namiji ba ya shiga.

Malamin Gudanarwa:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma Polly Hill ta yi rubutu a kan cinikin cikin gida na matan kulle tun 1969. Amma kada ki haɗa biyun a kundi ɗaya, zai fi ƙarfinki. Ki aje na Hajiya don digiri na uku.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. In kika tsaya ga yaran da ke shago yanzu, waɗanda suka jure kaɗai kika ji, alhali tambayarki a kan waɗanda suka tafi ce. Sai kin nemo irin su Badauri. Sannan kada ki yi wa yaro tambaya maigidansa na zaune, kada kuma sunan kowa ko lambar shagonsa ta shiga kundin. Abincin mutane ne a hannunki. Ki rubuta shafi uku ki kai wa malaminki, da sunayen da na lissafa da tsarin matakai biyun nan. Ki ƙara masa da cewa tsarin koyon kasuwanci na Inyamurai, inda ake yanka wa yaro shekaru a sallame shi da jari, har mujallar kasuwanci ta Harvard ta buga maƙala a kansa a 2021. Ki je da ladabi, kada ki nuna masa kin kai ƙararsa zaure.

Mai Shagon Atamfa:
Ki zo da safe kafin kasuwa ta cika, ki zo da wani babba daga gidanku. Ni zan gaya maki komai. Maganar keɓewa da yarana kau, sai na yi shawara da shugabanninmu na layi, don in na yarda ni kaɗai za a ce na buɗe ƙofar da ba a saba ba.

'Yar Ƙofar Marusa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara arziki. Zan jira shawarar taku, amma ina roƙo a gaya musu in ba a keɓe ba aikin ba zai yi amfani ba, har a gare su. Yaya Badauri, ina zan samu waɗanda suka bari?

Badauri:
Da yawa suna tuƙa Keke Napep, wasu na lodi a tasha, wasu na bin kasuwar Mai'adua ran Lahadi da 'yan kayansu a faranti. Na san wasu a nan Daura, zan tuntuɓe su. Sai dai wanda aka kora da sunan sata ba ya son a tayar da maganar. Ki bari in fara yi musu bayani da kaina, wanda ya amince in turo miki ta hannun Shugaban Zaure.